Laraba, ranar asibitin Auta

Tun shigowar hunturu Auta take wannan busasshen tarin. Mun ɗauka ƙura ce. An sha maganin kemis, an yi gwajin tibi bai nuna komai ba, amma yanzu ko ruwa ta ɗebo a tsakar gida sai ta tsaya tana haki. Yau dai muka kai hoton ƙirjin.

Likita ya daɗe yana duba hoton, sannan ya tambaye ta wane magani take sha kullum. Auta ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabi, don Umma na zaune a gefe. Ni na buɗe baki na ce venlafaxine, na ciwon damuwa, tun bayan da ta haihu.

Ya ce ba kasafai ba, amma maganin kan jawo kumburin huhu, kuma kamfanin da kansa ya rubuta hakan a gargaɗin maganin. An taɓa ganin irinsa da sertraline ma, wani maganin damuwar. Jiki ne ke tayar da wasu fararen ƙwayoyin jini, eosinophil, su taru a huhu. Ya tura mu gwajin jini. In ya tabbata shi ne, za a canja mata wani, wataƙila a ɗora ta kan prednisolone, maganin rage kumburi. Sai ya ja kunnenta: kada ta yanke shan venlafaxine ɗin da kanta dare ɗaya, don wannan maganin in aka sake shi kwatsam jiri da tashin zuciya yake sa wa. Zai yi magana da likitanta tukuna.

A cikin adaidaita Umma ta fara. "Ai dama na faɗa. Yarinya da addu'arta, an ɗora ta kan ƙwaya." Na ce, "Umma, kin manta lokacin da ba ta ko iya ɗaukar jaririnta?" Ta ce in rufe mata baki.

Abin da ke cin raina ke nan. Dubban mutane na shan maganin nan huhunsu lafiya lau, amma kafin Juma'a dangi kaf za su ji cewa "maganin ƙwaƙwalwa ya cinye huhun Auta". Anti da take ta shawarar zuwa ganin likita kuma shi ke nan, ta fasa.

Tuwon dare ya yi gudaji. Ba wuta tun la'asar.

Kwalin maganin yana jakata, don na san Umma, masai za ta zuba shi. Gobe ƙarfe takwas za mu karɓo sakamako.