Taya mai araha: inda take riƙe hanya da inda take sakinta

Tambayar da ta fi yawa a bakin shagon taya ita ce: "Malam, wannan mai sauƙin kuɗin za ta yi kuwa?" Amsarmu kullum ɗaya ce: ya danganta da motar, da nauyin da take ɗauka, da hanyar da take bi, da ƙafar da ke taka totur. Mai saye kan ɗauka zille masa ake yi, alhali iyakar gaskiyar ke nan. Duk girman mota, wuri huɗu ne kacal ke taɓa kwalta, kowanne bai fi tafin hannu ba sosai. Birki da kwana da tashi duk ta nan suke bi.

A sana'ar nan gida uku muke kasa tayoyi. Akwai manya: Michelin na Faransa, Bridgestone na Japan, Continental na Jamus, Goodyear na Amurka da Pirelli na Italiya. Akwai na tsakiya irin su Hankook da Kumho da Nexen na Koriya ta Kudu, Toyo da Falken na Japan, da Maxxis na Taiwan. Sai masu araha, waɗanda yawancinsu daga Chaina suke: Linglong, Triangle, Sailun, Westlake. Waɗannan kamfanoni ne na gaske masu masana'antu da suna da za su kare. A ƙarƙashinsu kuma akwai wani tarkace mai sunaye barkatai, yau ka gani gobe ya ɓace, ba ka san wanda za ka kama ba in abu ya faru. Kuskuren mutane shi ne haɗa waɗannan biyun a kwando ɗaya.

Abin da masu saye da yawa ba su sani ba shi ne manyan suna da ƙanne. Kleber da BFGoodrich na Michelin ne. Firestone ta koma hannun Bridgestone tun 1988. Barum da Semperit da General na Continental ne, Sava da Fulda na Goodyear, Laufenn kuma na Hankook. Wanda aljihunsa bai kai ga yayan ba, sau da yawa wajen ƙanin muke tura shi, domin gida ɗaya ne ke sa ido a kan aikin.

To me ake saye da ƙarin kuɗin? Ba zanen da ido ke gani ba ne, don zane kowa na iya kwaikwaya. Haɗin robar ne da ginin ciki. Taya ba roba zalla ba ce: akwai danƙo na itace da na sinadari, da baƙin garin gawayi, da silika, da farar wuta da ake dafa su da ita. A ciki akwai zaren da ke riƙe jikinta, da ɗamarar wayar ƙarfe hawa biyu a ƙarƙashin haƙora, da shimfiɗar nailan a kansu, da zoben waya a baki wanda ke kama rim, da wata fata ta ciki mai hana iska fita. Tun da Michelin ya shigo da silika sosai cikin haɗinsa a 1992, aka samu hanyar rage cin mai ba tare da taya ta rasa kamun jiƙaƙƙiyar hanya ba. Wannan haɗin kowane kamfani ɓoye nasa yake yi, kuma a nan ne mai araha ke rage hannu. Ko dai ya sa roba mai tauri wadda za ta daɗe amma ta yi santsi a ruwa, ko mai laushi wadda za ta kama amma ta suɗe da wuri. Samun duka biyun a taya ɗaya shi ne abin da ke da tsada.

A busasshiyar hanya, cikin gari, da tafiyar hankali, da wuya direba ya bambance. Ruwan sama ne ke tona asiri. Tun 2012 Tarayyar Turai ta wajabta manna takarda a jikin sabuwar taya mai nuna cin mai, da kamun jiƙaƙƙiyar hanya, da ƙara; daga 2021 matakan cin mai da na kamun ruwa suka koma A zuwa E. A lissafin da aka yi lokacin kafa wannan alama, tsakanin mafi kyau da mafi muni a kamun ruwa ana iya samun tazarar mita 18 wajen tsayawa, idan aka taka birki a gudun kilomita 80. Tsawon ƙananan motoci huɗu ke nan a jere. Mai tayar kirki ya riga ya tsaya cak, ɗayan yana nan yana sulalewa. Saboda haka in taya mai araha tana ɗauke da takardar, kada ka dubi sunan, dubi harafin ruwan. A ko B, madalla. C za a iya haƙuri da shi. Ƙasa da haka ba ma ba da shawara.

Wuri na biyu da ake gane aiki shi ne kan injin balansi. Ka ɗora tayar kirki a rim mai lafiya, ka juya, injin ya nemi dalma giram 15 ko 20, an gama. Wata kuwa sai ta nemi 60 ko fiye, ka cire ka juya ta a kan rim ka sake gwadawa, har yanzu tana rawa. In ka tsaya daidai gabanta tana juyawa za ka ga haƙoran suna ɗan tsalle sama da ƙasa. Irin wannan ba ta fito da'ira cikakkiya daga masana'anta ba, kuma babu dalmar da za ta gyara ta. Sitiyari zai riƙa kakkarwa da an kai gudun 100. Matsalar tayoyi masu araha ke nan: uku su fito lafiya, ta huɗu ta ba da kunya. Mu dai irin wannan mayar wa dila muke yi, ko da zai ɓata rai, kuma yakan ɓata.

Amma kada a ɗauka babban suna laya ne. A shekarar 2000 Firestone ya janye tayoyi kusan miliyan 6.5, galibinsu a kan Ford Explorer, bayan haƙoran sun riƙa ɓarewa daga jikin taya ana cikin gudu, aka yi asarar rayuka. Wannan ne ya jawo dokar da ta sa daga 2007 sababbin ƙananan motoci a Amurka dole su zo da na'urar gargaɗin ƙarancin iska. Zafi shi ne babban makashin taya, ko ta wane kamfani ce. In iska ta yi ƙasa, gefen taya yana lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, zafi ya taru, roba ta rabu da waya. Ƙara lodi da doguwar tafiya da rana tsaka, sai ka ji fam. A gefen tayoyi da yawa akwai harafin jure zafi, A ko B ko C. Mai tafiya mai nisa a ƙasa mai zafi ya nemi A.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya ba taya mai araha ba ce, masu ha'inci ne. Taya tana tsufa ko ba a taɓa ɗaura ta ba. A gefenta akwai layin da ya fara da DOT, lambobi huɗun ƙarshe su ne ranar haihuwarta: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Wasu kamfanonin mota suna cewa a sauya bayan shekara 6, masu ƙera taya kuma sun sa 10 a matsayin iyaka ko da haƙora na nan. Sai ka ga an kwaso tsohon kaya da ya shekara biyar a sito, an shafe shi da mai yana ƙyalli, an ce sabo ne. Wasu har kankare lambar suke yi su buga wata. Shafa wurin da yatsa: lambar asali tana zaune sumul cikin ɗan zagayenta, ta jabu kuwa za ka ji kaushi ko ka ga launin robar ya bambanta. Akwai kuma masu ɗaukar suɗaɗɗiyar taya su sake yanka mata haƙora da wuƙa mai zafi. Tayar babbar mota ce kawai ake ƙerawa da kaurin da zai ɗauki wannan, kuma a rubuce yake a jikinta. A ƙaramar mota kusa da waya ake kaiwa. Haka 'yar gwanjo mai hoton dutse da ƙanƙara a gefe: ta lokacin sanyi ce, a kwalta mai zafi laushi take yi ta cinye nan da nan. In aka ba mu zaɓi tsakanin sabuwar taya mai araha ta kamfani sananne da tsohuwar babban suna wadda ba a san ramukan da ta faɗa ba, sabuwar za mu ɗauka ba tare da dogon tunani ba.

Sai masu ciniki. Mutum zai shafe rabin sa'a yana tayi, bai ko kalli rubutun gefen ba. Ɗauki 205/55 R16 91V. Faɗinta milimita 205, tsayin gefenta kashi 55 cikin ɗari na faɗin, rim inci 16. Wannan kowa na dubawa don in ba haka ba ba za ta shiga ba. Na ƙarshen ne ake tsallakewa: 91 na nufin kowace taya na ɗaukar kilo 615, V kuma tana jure gudu har kilomita 240 a awa, H 210 ne, T kuma 190. "Ranka ya daɗe, ai ni ba na kai wannan gudun," in ji mai saye. Gaskiya ne, amma harafin yana faɗin ƙarfin ginin da yadda yake jure zafi. Ana iya hawa sama da abin da kamfanin motar ya rubuta, ba a sauka ƙasa. Wanda ya nace sai an sa masa mai ƙaramar lamba don ragin kuɗi, gara ya tafi wani wurin. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Ɗauri ma rabin lafiyar taya ne, kuma nan muke alfahari da hannunmu. Ana goge bakin rim a cire tsatsa, a sa sabon bawul kowane lokaci, domin tsohon yana tsagewa daga gindi. A shafa man ɗauri na musamman a bakin taya, ban da baƙin mai, yana cin roba. In akwai ɗigon rawaya a gefe, a daidaita shi da bawul, nan ne wuri mafi rashin nauyi. Mai kibiya a bi kibiyar, mai gefen waje a fitar da shi waje. Notuna a fara da hannu, a ɗaure su tsallake-tsallake, a ƙarasa da sifana mai awo gwargwadon abin da littafin motar ya ce. Hawa kan sifana da ƙafa yana miƙar da ƙusoshi. Bayan kamar kilomita 50 a sake duba su. Iska kuma a bi takardar da ke jikin ƙofar direba. Lambar iskar da ke kan taya iyakar abin da za ta ɗauka ce, ba abin da motar ke so ba. A auna da safe kafin a yi tafiya, aƙalla sau ɗaya a wata, har da safaya.

Faci yana da iyaka: tsakiyar haƙora kawai, hujin da bai wuce milimita 6 ba, kuma a cire taya a duba cikinta a liƙe daga ciki. Gefe ba ya facuwa. Taya da ta yi kumburi a gefe zarenta ya tsinke, ta gama aiki. Sabuwar taya na zuwa da zurfin haƙora wajen milimita 8. Akwai 'yan tudu a cikin kwarin zanen a kan 1.6, amma ga mai araha kada a jira su, daga milimita 3 kamun ruwanta ya riga ya ja baya.

Don haka mai ƙaramar mota da ke zirga-zirgar cikin gari, in ya samu sabuwar mai araha mai sunan da aka sani, kwanan wata na kusa, lambobin da suka dace da harafin ruwa mai kyau, ba mu hana shi. Mai doguwar hanya da lodi da iyali a baya ya hau aƙalla na tsakiya. In kuma guda biyu kawai aljihu ya ba da dama, a sayi iri ɗaya, a sa su a baya ko da motar da gaba take ja. Gaba in ya zame, direba na ji a sitiyari ya saki totur. Baya in ya zame a kwana cikin ruwa, kafin ya ankara motar ta juyo tana kallon inda ta fito.