Inda Talakan Ingila Ke Zuwa Shan Iska

Mutanenmu na Jidda da Makka in suka ce sun je Ingila, Landan suke nufi, Landan ɗin ma 'yan tituna ne inda ake sayayya kana jin Larabci ta ko'ina. Ni ma can na so a kai ni, sai surukina ya ce, "Hajiya, in dai kantuna ne ai kin baro su a Titin Tahliya na Jidda. Bari mu kai ki inda 'yan ƙasa ke zuwa." Shi da 'yata a Leeds suke zaune, yana aikin jinya a wani asibiti, ni kuma na je musu cikin watan Agusta, lokacin da zafin Jidda da gumi ba sa barin mutum ya leƙa waje sai bayan Isha. Garin da suka kai ni sunansa Scarborough, a gaɓar Tekun Arewa cikin yankin Yorkshire. Jirgin ƙasa muka hau ya bi da mu ta York, daga York kuwa tafiyar ba ta cika awa ɗaya ba.

Su da rana tsaka suke zuwa bakin teku. Mu a Jidda sai dare ya yi ake naɗe darduma, a ɗauki fulas ɗin shayi a nufi Korniche, yara su yi ta guje-guje har ƙarfe biyu. Can kuwa tun hantsi rairayi ya cika da mutane, kuma abin da suke kira bazara ni a wurina hunturu ne. Ina cikin abaya da rigar sanyi da safa, haƙorana na kaɗawa, ga tsoho ya tuɓe daga shi sai gajeren wando yana shiga ruwa. Na tsoma yatsun ƙafata don kada a ce ban taɓa ba, na janye da sauri. Kowane iyali sun kafa wani ƙyalle mai ratsi-ratsi da sanduna a cikin yashi don tare iska, sun zauna a bayansa suna shan shayi da madara. Yayyafi ya sauko, babu wanda ya tashi. Lema kawai suka buɗe.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ruwan ke tafiya ya dawo. Na girma a bakin Bahar Maliya, kuma tekunmu inda ka bar shi jiya nan za ka same shi yau, hawa da saukarsa a Jidda bai kai rabin mita ba. A Scarborough bambancin yakan kai mita 5 in wata ya cika ko ya ɓuya, kuma sau biyu ake yi a yini da dare. Da muka isa ruwan ya janye can nesa, ya bar fili shimfiɗe, jiƙaƙƙe, mai sheƙi, har jiragen kamun kifi da ke tashar sun kwanta a gefensu cikin laka. Jikana ya duƙufa da ɗan bokiti da shebur ya gina gida har da katanga. Bayan mun ci abinci muka dawo, ba gida ba alamarsa, ruwa ya kusa taɓa bangon titi, mutane duk sun tattara sun matsu a ɗan abin da ya rage. Ya yi kuka. Uwarsa ta ce gobe a sake wani. A bakin hanya akwai allo da ake rubuta lokutan cikar ruwa da janyewarsa, kuma mutanen garin da shi suke tsara yininsu.

Ga jakuna kuma. Jaki dai wanda muka sani, amma an goge shi tas, an rataya masa ƙararrawa, an rubuta sunansa a kan linzami, yara na biyan kuɗi su hau a zagaya da su 'yan taku a kan rairayi. Manya ba sa hawa. Na yi dariya har na riƙe ciki, don na tuna labarin da kakata ke ba mu na yadda suka taso daga ƙasar Kano da jakuna, suka ratsa Chadi da Sudan, shekaru suna tafe suna noma a hanya kafin su tsallako daga Sawakin. Da ta ga ana layi don a hau jaki na minti biyar, Allah kaɗai ya san abin da za ta ce.

Yadda garin ya zama wurin hutu labari ne mai ban mamaki, don da magani aka fara. Wajen shekarar 1626 wata mata ta lura da wani ruwa mai ɗaci da ke tsattsafowa daga ƙarƙashin dutse a kudancin garin, yana rina duwatsu ja. Aka ce yana wanke ciki. A 1660 wani likita ya rubuta littafi yana yabonsa, masu hali suka fara tururuwa. Daga shan ruwan marmaro likitoci suka koma cewa wanka a cikin teku ma lafiya ne. Tun wajen 1735 akwai zanen da ke nuna wasu 'yan ɗakuna na katako masu ƙafafun amalanke a bakin ruwan garin: mutum ya shiga ya rufe, doki ya ja shi har cikin teku, ya sauya kaya a ciki ya sauka ta ɗaya ƙofar ba tare da idon kowa ya gan shi ba. Ashe Turawa ma sun san kunya a da. Na ce wa 'yata da wani zai kawo wannan dabara Abhur, inda mutanen Jidda ke wankan teku, da matanmu sun ba shi ciniki.

Talaka bai samu zuwa ba sai da jirgin ƙasa ya iso a 1845. Ma'aikatan masaƙun ulu na Leeds da Bradford, waɗanda ke shaƙar hayaƙi duk shekara, suka samu hanyar zuwa su ga teku su koma a yini guda. Dokar 1871 ta ba su ranakun hutun ƙasa, ta 1938 kuma ta buɗe hanyar hutu da albashi. Tsakanin nan aka gina ƙaton otal ɗin da ke tsaye a kan tudu, Grand Hotel, wanda aka buɗe a 1867 yana cikin mafiya girma a Turai a zamaninsa. An tsara shi bisa lissafin shekara: hasumiya 4, hawa 12, bututun hayaƙi 52, ɗakuna 365 a farkon gininsa. Daga waje na tsaya na kalle shi. Mu a wani ƙaramin gidan baƙi muka kwana, na wata dattijuwa da ta yi ta tambayata ko gaske ne a garinmu sai a shekara ba a yi ruwan kirki ba. Saboda tudun garin, akwai wasu 'yan taragu da igiyar ƙarfe ke ja daga bakin ruwa zuwa sama, na farkonsu tun 1875. Gwiwoyina sun yi musu addu'a.

Tun daga shekarun 1960 da 1970, da kuɗin jirgin sama ya yi araha, masu ɗan abin hannu suka koma Sifen inda rana ba ta yi musu rowa. Waɗanda suka rage su na gani, kuma su suka sa na ji daɗin tafiyar. Tsofaffi miji da mata a kan benci, an lulluɓe gwiwa da bargo ɗaya. Uba mai zane a hannuwa yana tura keken jariri, yana ƙirga canji kafin ya sayi askirim uku. Iyalan Pakistan daga Bradford da tukunyar shinkafa a bayan mota, matan da hijabinsu, muna haɗa ido muna sallama. Bencinan ma kusan kowanne da ɗan ƙarfe a jikinsa, an rubuta sunan wani mamaci da ke son zama a wurin, iyalansa suka biya aka kafa. Mu da muke sayar wa alhazai kaya muna ganin Bature a talabijin muna zaton kowa attajiri ne. A nan na ga wanda ya tara kuɗinsa wata da watanni don ya kawo 'ya'yansa su ga ruwa, kuma ko sama za ta tsage sai ya ci hutunsa.

Abu ɗaya ne bai kwanta mini ba. Gefen titin bakin ruwa jere yake da shagunan wasa masu fitilu da ƙara, cike da injinan da ake jefa kwabo biyu a ciki ana fatan ya turo wasu su zubo. Kuɗin ba wani abu ba ne, amma caca ce, kuma yara ƙanana ake koya wa. Jikana ya ja ni, na ce a'a. Surukina ya kalle ni ya yi shiru, na san da ba na nan da sun shiga.

Maganar abinci, kifi da soyayyen dankali shi ne sarki. Ana tsoma kifin cikin ƙullun fulawa a jefa a mai, a yayyafa gishiri da ruwan kal, a miƙo maka a takarda. Amma Musulmi ya buɗe baki ya yi tambaya, don a Yorkshire shaguna da yawa da kitsen saniya suke suya, ba kuma yankanmu ba ne, wasu kuma suna zuba giya a ƙullun. Surukina ya shiga yana tambaya har muka dace da mai suya da man gyaɗa ko makamancinsa, kuma ba wanda ya ɓata rai, sun saba. Sai dai a kula da tsuntsayen teku, farare, manya, marasa tsoro. Kamar shirwa a mahauta suke. Ina kallo ɗaya ya sauko ta bayan wata mata ya fizge kifinta ɗungurungum, ta bi shi da ashar, mijinta na dariya.

A kan dutsen da ya raba garin gida biyu akwai kangon fadar da Sarki Henry na Biyu ya gina a ƙarni na 12. Jiragen ruwan yaƙin Jamus sun yi wa garin ruwan harsasai ranar 16 ga Disamba 1914, mutane suka mutu, fadar ma ta samu rabonta. Nan kan ciyawa muka haɗa Azahar da La'asar muna fuskantar kudu maso gabas, iska na neman ɗauke mini mayafi. Magariba kuwa sai wajen takwas da rabi.

Washegari muka hau bas zuwa Whitby, tafiyar kamar awa ɗaya ta cikin wani daji marar itatuwa, tudu bayan tudu, duk ya rufe da wata gajeriyar ciyawa mai fure shuɗi-shuɗi ja-ja wadda a Agusta take buɗewa. Tumaki na kiwo ba makiyayi. Mun tsaya a Robin Hood's Bay, ƙauyen masunta da ya yi suna da fasa-ƙwauri a ƙarni na 18, gidaje a cunkushe, lunguna ƙanana. Gangaren ya fi ƙarfina, na zauna a sama suka sauka suka dawo.

Whitby ta fi Scarborough kyau a idona, ko da yake ta fi cunkoso. Matakala 199 ake hawa zuwa kangon wani gidan ibadar Kirista da aka fara kafawa a shekarar 657, wato ana cikin zamanin halifancin Sayyidina Ali. Na hau, ina hutawa a kan bencinan da ke hanya, waɗanda aka ce asali masu ɗaukar gawa ne ke sauke akwati a kansu. A wannan gari Kyaftin Cook ya koyi aikin jirgin ruwa, a nan kuma aka ƙera jirgin da ya kai shi gaɓar Ostareliya a 1770.

Ni dai 'yar kasuwa ce, idona na kan shagunan wani baƙin dutse da ake samu a gaɓar nan, wanda asalinsa itace ne da ya daɗe binne ya ƙanƙare. Sarauniya Biktoriya ce ta ɗaukaka shi, don da shi ta yi ado cikin takabar mijinta bayan 1861. Na ɗauki sarƙa ɗaya na auna a tafin hannu. Ba nauyi sam, ba kuma sanyi irin na gilashi, sheƙinsa ya so ya yi kama da na tasbahar yusur da muke sayarwa, sai dai wannan ya fi baƙi. Na tambayi kuɗi, na buga lissafi da riyal a raina, na ce a rage. Yarinyar shagon ta yi murmushi ta nuna mini takardar farashi. 'Yata ta ja hannuna tana cewa, "Umma, don Allah, nan ba kasuwar Balad ta Jidda ba ce." Na ajiye musu kayansu.

Abin da na saya shi ne bandar kifi, a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin dutse wanda bangonsa ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, ƙamshinsa na tarbar mutum tun daga bakin lungu. Su da safe suke cin ta da burodi da man shanu. Da muka koma Leeds na sa aka jiƙa ta a ruwan zafi don gishirin ya ragu, na cire ƙaya, na zuba a miyar kuka da daddawar da na taho da ita. Ta yi mai fiye da yadda nake so, kuma ba ta kai bandar tarwaɗa ba, amma surukina sai da ya nemi ƙarin tuwo.