Kilomita 11.2 a malejin Baba

Laraba, bayan sallar isha'i.

Da la'asar autarmu ta same ni a tsakar gida da littafin Fiziks a hannu. An ba su aikin gida kan gudun da abu yake buƙata kafin ya kuɓuce wa janyowar ƙasa, ya tafi ba dawowa. Littafin ya ce kilomita 11.2 a daƙiƙa ɗaya. Ta haddace tsaf, amma sai ta ce, "Yaya, wannan ai ba wani gudu ba ne, ko mai keke yana wuce sha ɗaya."

Maganar ta tsaya min a rai. Idonta ya ga 11.2, ya tsallake "a daƙiƙa". Ban ga laifinta ba, domin duk gudun da muka taso muna ji, na mota ne ko na babur, da awa ake auna shi.

Baba yana kan tabarma da rediyonsa, ashe kunnensa na wajenmu. Shekara ashirin da ɗoriya ya yi yana tuƙi tsakanin Kano da Kaduna. Ya rage murya ya ce, "Kai, a malejin mota nawa ke nan?"

Na miƙa wa auta biro na ce ita za ta ba shi amsa. Minti ɗaya daƙiƙa 60, awa ɗaya minti 60, wato daƙiƙa 3,600 a awa. Ta ninka 11.2 sau 3,600. Ta duba abin da ya fito, ta soke, ta sake yi, don ba ta yarda ba. Kilomita 40,320 a awa ɗaya.

Baba ya yi shiru. Can ya ce shi idan hanya ta yi kyau a kan 100 yake tafiya. Muka raba, ya zama ninki 400 da 'yan kai. Kano zuwa Kaduna kimanin kilomita 230 ne, tafiyar da yakan yi cikin awa uku ko kusa da haka. Da wannan gudun daƙiƙa 20 da ɗan abin da ba a rasa ba ta ishe shi. Ya girgiza kai ya ce, "Ikon Allah. Wato kafin yaron mota ya rufe but an kai Kawo a Kaduna." Ni kaina sai a lokacin na ji girman abin a jikina, alhali na daɗe da sanin lambar. Ko jirgin saman fasinja da ke yin wajen kilomita 900 a awa, sai an ninka gudunsa kusan sau 45.

Daga nan auta ta ƙi tsayawa, ta shiga lissafa gudun da ake buƙata don kuɓuce wa janyowar Wata, Rana da sauran duniyoyi. Wata: kilomita 2.38 a daƙiƙa, ya ba ta 8,568 a awa. Duniyar Mars wajen 18,100. Da ta zo kan Jupita, mai 59.5, ta samu 214,200. Rana kuwa ta haura miliyan 2 da dubu 200 a awa. Na faɗa mata bambancin yana zuwa ne daga nauyin kowace duniya da faɗinta, ta ce wannan malaminsu ya riga ya yi bayani.

Tambayar da ta fi burge ni daga bakin Baba ta fito, tambaya ce irin ta direba. Ya ce tirela mai lodin siminti da ƙaramar mota, ai ba za a ce gudu ɗaya suke buƙata ba. Na ce, "Baba, ɗaya ne. Ko tsakuwa ko tirela, 11.2 ɗin nan ne. Abin da zai bambanta shi ne man da za a ƙona kafin a kai kowanne wannan gudun." Ya ce wannan kam ya gane, don mai shi ne ciwon kan mai babbar mota.

Sai da na ƙara gyara musu wani abu, don kada auta ta kai kuskure aji. Roka ba ta barin ƙasa da wannan gudun. A hankali take ɗagawa, tana ƙara wuta har ta fita daga iska mai kauri. Lissafin na abin da aka cilla sau ɗaya ne, babu inji mai ci gaba da tura shi, kuma ba a sa turjiyar iska a ciki ba. Kumbon Tarayyar Sobiyet, Luna 1, shi ya fara kai wannan gudun a Janairun 1959. A 2006 kuma Amurka ta harba kumbon New Horizons, ya bar nan da kilomita 16.26 a daƙiƙa. Auta ta riga ni: kimanin 58,500 a awa. Cikin awa tara ya wuce nisan Wata, tafiyar da ta ɗauki 'yan sama jannatin Apollo kwana uku.

Da aka kira magariba ta rubuta amsarta a littafi, lamba biyu a jere, ta daƙiƙa da ta awa. Takardar da muka yi lissafin a kai kuwa Baba ya ce a ba shi. Ya ninke ta ya sa a aljihun gaba, wai gobe zai kai wa abokansa tsofaffin direbobi a tasha.