Yadda na kusa ɓatar wa Yayana da shafin shagonsa

Ƙannena masu koyon gina shafukan intanet, ga labarin abin da ya same ni, ko wani ya tsira da kuɗinsa da mutuncinsa.

A 2021 Yayana mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari ya ce in yi masa shafi, don abokan cinikinsa na Maraɗi da Damagaram su riƙa ganin kaya kafin su taso. Lokacin ban fi wata uku da fara taɓa WordPress ba, wato manhajar gina shafuka, amma ina ji da kaina. Na kama hayar masaukin shafi, wato inda ake ajiye shafi don a riƙa ganinsa a intanet, a wani kamfanin Amurka saboda kuɗin shekarar farko kamar kyauta. Ban duba nawa ake sabuntawa ba. Katina bai yi aiki ba, sai wani abokina ya biya da nasa, ya kuma yi rajistar sunan shafin, wato adireshinsa na intanet, da imel ɗinsa. Na yi masa godiya har da sayen tsire.

Ɗora manhajar kuwa ba ta ci mini minti biyar ba. Na shiga cPanel, wurin sarrafa masaukin, na buɗe Softaculous mai ɗora manhajoji, na danna WordPress, shi ke nan. Sauƙin nan shi ya yaudare ni. Na bar sunan mai kula a “admin”, na sa lambar wayar Yaya a matsayin kalmar sirri, lambar da ke rubuce ɓaro-ɓaro a fuskar shafin. Sannan na ɗauko wata rigar shafi mai kyau, wato tsarin da ke ba shafi kamanninsa, irin ta kuɗi, wadda aka fasa ake rabawa a WhatsApp. Araha ba ta ado. Bayan 'yan watanni wani Alhaji ya kira Yaya yana salati, wai ya shiga neman shadda an kai shi shafin caca. Masu fasa irin waɗannan riguna sukan ɓoye ƙofar baya a ciki, su dawo ta nan duk ran da suka so. Ku ɗauki ta kyauta daga rumbun WordPress kansa, ko ku saya da kuɗinku, kuma duk sabuntawar da ta fito ku ɗora ta a makon.

Na kuma biya kuɗin makullin tsaron nan da ke sa adireshi ya fara da https, alhali wata cibiya mai suna Let's Encrypt na bayar da shi kyauta, kuma yawancin masaukai na sabunta shi da kansu. Wannan dai ƙaramar asara ce.

Babbar ta zo a 2022, da bankunan Najeriya suka taƙaita abin da katin naira zai iya biya a waje, wasu har zuwa dala 20 a wata. Kuɗin sabuntawa ya fi haka nesa ba kusa ba. Saƙonnin tunatarwa duk akwatin abokina suke faɗawa, shi kuma ya tafi karatu ya canza layi. Da na farga, an rufe asusun. Ajiyar kwafin shafin da nake taƙama da ita, ashe a cikin masaukin da aka rufe na bar ta, kamar wanda ya kulle makullin ɗaki a cikin ɗakin. Sai da na yi mako biyu ina cigiyar abokina, muka sayi dala a hannun 'yan canji na Wapa aka biya ta asusun wani, sannan aka buɗe.

Don haka sunan shafi ku yi rajistarsa da sunan mai shi da imel ɗin da ke hannunsa, ba naku ba balle na aboki. Idan cinikin na gida ne, ku duba .com.ng ko .ng, waɗanda NiRA, ƙungiyar rajistar sunayen shafukan Najeriya, ke kula da su. Ana saye da naira a wurin dillalan da ta amince da su. Kwafi kuma kashi biyu ne: fayilolin shafi da rumbun bayanai na MySQL, inda rubuce-rubucen shafin ke zama. Wanda ya kwashi ɗaya ya bar ɗaya bai kwashi komai ba. Ku sauke su kan kwamfutarku, ku kuma gwada mayar da su ko sau ɗaya.

Akwai abin da ya shafe mu Hausawa musamman. Da na kwashe shafin zuwa sabon masauki ta phpMyAdmin, manhajar sarrafa rumbun bayanai, ban kula da tsarin haruffa ba, sai na bar shi kan latin1, wanda bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. Washegari “ɗinki” ya koma “?inki”, “ƙyalle” ya koma “?yalle”, a kaya sama da ɗari biyu. Da hannu na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ku zaɓi tsarin haruffa na utf8mb4 wajen fitarwa da shigarwa, kuma kafin ku amince da salon rubutu ku buga “ɓarawo ya ƙone ɗaki” ku gani ko haruffan sun zauna daidai da 'yan uwansu.

Yaya bai taɓa yi mini faɗa a kan abin nan ba. Sai dai tun daga lokacin ya sa na rubuta masa kalmomin sirri da ranar sabuntawa a bayan littafin bashinsa, kuma duk shekara shi ke kirana wata guda kafin ranar.