Yunwa ba ta maganin ciwon ci ba ƙaƙƙautawa

Ƙannena, akwai cin da ba na yunwa ba ne, ba kuma na kwaɗayi ba. Mutum ya keɓe kansa, ya yi ta loma cikin gaggawa, ciki ya cika har yana ciwo amma hannu ya ƙi tsayawa. Da ya gama sai kunya da tsanar kai su lulluɓe shi. Na daɗe a wannan hali ina zargin kaina da rashin kamun kai, alhali ciwo ne da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani. Likita Albert Stunkard na Amurka ya bayyana shi tun 1959, kuma a 2013 Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa shi a littafinta na jerin cututtukan ƙwaƙwalwa, DSM-5, a matsayin ciwo mai zaman kansa. Abin da ake dubawa shi ne ya riƙa faruwa aƙalla sau ɗaya a mako har tsawon wata 3, mutum yana jin linzami ya kuɓuce masa.

Babban kuskurena shi ne hukunta kaina da yunwa. Duk daren da abin ya faru, washegari ba karin kumallo, ba na rana, sai ruwa. Kafin dare hannuna na rawa, tunanina duk ya koma kan abinci, sai in sake afkawa fiye da jiya. Ashe yunwar ce ke rura wutar.

Daga nan na fara tunanin sa yatsa a maƙogwaro, kuma a nan nake roƙonku ku tsaya. Wanda ke biyo cin da amai na gangan, ko shan maganin da ke sa zawo, ko motsa jiki na wahalar da kai, ya tsallaka zuwa bulimiya, ciwon da Likita Gerald Russell ya bayyana a Landan a 1979. Aman yana cinye haƙora, yana zubar da gishirin jini da zuciya ke dogara da shi, har bugunta ya rikice. Anoreksiya kuwa hana kai abinci ne har a rame ramar hatsari, kuma cikin masu ita akwai masu ci su amayar. Tsoron ƙiba da auna darajar kai da sikeli kan ɗauki mutum daga wannan ciwo ya kai shi wancan.

Na kuma ɓata lokaci ina zuwa wurin likita da kukan ƙiba kawai, ina ɓoye sauran, shi ya sa tsarin rage abinci nake dawowa da shi. Ku faɗi abin yadda yake, ko da jikinku bai nuna ba, domin ba duk mai ciwon ne ke da ƙiba ba. Maganin da aka fi dogara da shi zama ne da masanin halayyar ɗan Adam don gyara tunani da ɗabi'a. Matakin farko da aka ɗora ni a kai ya ba ni mamaki: ci sau uku a rana da ɗan abin taɓawa a tsakani, kada tazarar ta wuce awa 4, ko da daren jiya ya ɓaci, sannan in rubuta abin da na ci da halin da zuciyata ke ciki a lokacin.