Iskar taya a hunturun Kanada, inda babu mai faci a bakin titi

A Kano ko Maradi, direba ba ya riƙe geji, wato abin auna iskar taya. Ka tsaya gindin bishiya, mai faci ya ɗan bubbuga taya, ya tada injinsa, ya cika ta har ta yi tauri, ka miƙa kuɗi ka wuce. Duk wanda ya sauka a Toronto, Montreal ko Winnipeg ya sayi motarsa ta farko, sai ya san wannan aiki ya dawo kansa. Sanyin nan kuwa yana yi wa taya abin da sanyin hunturun gida bai taɓa yi mata ba.

Iska tana tsukewa in ta sha sanyi. Duk digiri biyar zuwa shida da yanayi ya sauka, taya tana rasa kusan psi ɗaya (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar da ke cikin taya). Ban da wannan, ko lafiyayyar taya tana sacewa da kusan psi ɗaya a wata. To ka lissafa: ka cika 35 a watan Oktoba ana digiri 10, Janairu ya zo da 20 ƙasa da sifili. Sanyi ya ci biyar, watanni uku sun ci uku, kana yawo da 27 ba tare da ƙusa ta taɓa ka ba.

Kuskuren da ya fi yawa a cikinmu shi ne karanta lambar da ke jikin taya, 44 ko 51, a ce ita ce ma'auni. Wannan iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce. Ma'aunin motarka yana kan wata 'yar takarda da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Buɗe ƙofar za ka gan ta. Yawancin ƙananan motoci suna tsakanin 30 da 35, wani lokaci na gaba daban, na baya daban. In ka ga an rubuta da wani ma'aunin daban, kamar 240 kPa, 35 psi ke nan.

Sayi geji naka, ka ajiye a mota, don na gidajen mai suna shan wahala kuma ba duka ke faɗin gaskiya ba. A auna da safe kafin a fita, ko bayan motar ta yi awa uku a ajiye. Tafiya tana ɗumama taya, gejin ya nuna ƙarin uku ko huɗu, mutum ya ga kamar ta yi yawa ya sace iskar. Kada ka rage wa taya mai zafi iska. Kwance murfin bawul, danna gejin sosai har sautin fitar iska ya tsaya, karanta, ƙara abin da ya rage, sake aunawa. Murfin nan ba ado ba ne: in babu shi ruwa yana shiga bawul ya daskare, iska ta riƙa zurarewa.

Masu ajiye mota a gareji mai ɗumi su kula sosai a nan. In cikin garejin digiri 15 ne, waje kuma 15 ƙasa da sifili, da ka fito titi ka yi asarar kusan psi biyar. Gara a auna a waje, ko a ɗan ƙara daidai bambancin.

Fitilar gargaɗin iskar taya da ke gaban direba, mai ruwan ɗorawa, mai kama da kofaton doki da alamar motsin rai a tsakiya, yawanci ba ta kunnuwa sai iska ta ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. Mai jiran ta ya makara. Wasu ma tayoyin hunturunsu ba su da na'urar da ke auna iska ta sanar da fitilar, don haka a kunne take dukan lokacin hunturu, ba ta gaya musu komai.

Akwai masu cewa a rage iska don taya ta fi kama dusar ƙanƙara. Ban yarda da wannan a kan titi ba ko kaɗan. Taya mai ƙarancin iska gefe da gefenta ke cinyewa, sitiyari ya yi nauyi, mai ya ƙara ƙonewa, ramin farko da ka faɗa a watan Maris kuma yana iya lanƙwasa rim. Mai yawan iska tsakiyarta ke cinyewa, kuma abin da ke taɓa ƙasa ya ragu, a wurin da santsi ke jiran kowa.

Iska daidai ba ta maye gurbin tayar hunturu. Robar taya ta gama-gari tana fara ƙandarewa in sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7. A lardin Kebek doka ce: daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris dole a sa masu alamar dutse da dusar ƙanƙara. A Ontario ba dole ba ne, amma kamfanonin inshora suna rage kuɗi ga mai su, sai dai ka tambaya. Bayan an canja, a koma a sake ɗaure notuna in an yi kamar kilomita 100.

In taya ɗaya ce take ta sacewa kowane mako, zargi gishirin da ake watsawa a titi. Yana cin bakin rim, iska ta sami hanya. Zuba ruwan sabulu a zagayen bakin da kan bawul, inda kumfa ya tashi nan ne ciwon. Safaya kuma, 'yar siririyar nan, 60 psi take so, kuma ba a wuce kilomita 80 a awa da ita. A ɗaga shimfiɗar but a auna ta tare da sauran huɗun, sau ɗaya a wata.