Takardar ta nuna, ni ne na ce a jira safiya

Shekaranjiya na tarar da wani sabon likita riƙe da takardar ECG, wato gwajin lantarkin zuciya, ta wani dattijo. Bai ko kalli layukan ba, rubutun da na'ura ta buga a sama yake karantawa. Gabana ya faɗi.

Ina sabon hannu aka kawo wani Alhaji mai fataucin shanu daga Agege. Kuɗi sun yanke masa, ya tsallake wankin ƙoda, kasala kawai yake kuka da ita. A takardarsa ta ECG tudun da ake kira T a layin bugun zuciya ya yi tsini kamar mashi, ɓangaren da ake kira QRS ya buɗe ya haura ƙananan gidaje uku na takardar, wato daƙiƙa 0.12. Fotashiyam ne ya taru a jini, ɗalibi ma ya sani. Na ce a jira sakamakon jini da safe. Ni kaɗai ne a daren, majinyata har a kan benci, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya nuna mini. To amma allurar kalsiyam, wadda ke kare zuciya daga illar fotashiyam, tana cikin durowa a bayana.

Da asuba nas ta ƙwala mini kira. Layi yana tafiya a allon na'urar zuciya, na tsaya ina cewa ai zuciya na aiki. Da na taɓa wuyansa, babu bugu. Lantarkin ne ke gudu, zuciyar ba ta tura jini. Irin wannan ba a yi masa shokin lantarki, sai danna ƙirji 100 zuwa 120 a minti, adirenalin, da neman sanadi. Sanadin yana kan takardar da ke ninke a aljihuna. Ɗansa ya ce, "Likita, kwana ne ya ƙare." Wasu ranakun har yau a bayan maganar nan nake fakewa.

Ku kuwa yaran yanzu, abu kaɗan ku ɗauki hoto ku tura WhatsApp, kuna jiran amsa mutum na sanyi. Kada ku yarda da allo, ku taɓa wuya, kar ya wuce daƙiƙa 10. Amma in ba bugu kuma layi na rawa a birkice, to ku yarda da shi, shokin nan take. Ku kira babba, ba abin kunya ba ne. Kar dai ku jira shi, cunkoson gadar Third Mainland ta Legas bai san likita ba. In layi ya miƙe sambal, wani ya duba ko wayar na'urar ce ta fita, kai hannunka na kan ƙirji.